Hawan Ɗa'ifa Bayan Nutso: Shekara Goma Sha Ɗaya da Rashin Faisal

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar ƙanena Faisal, kuma sai bana na samu bakin faɗar abin da ya yi ajalinsa. Duk wanda ya zo mana ta'aziyya a gidanmu na unguwar Zahir a Makka a wancan lokaci, magana ɗaya ya ji: teku ce ta ci shi. Haka muka gaya wa maƙwabta, haka muka aika wa dangi a Kano, haka muka gaya wa mahaifiyarmu. Ba ƙarya muka yi ba, amma mun rage maganar. Faisal ya fito daga ruwa da ƙafafunsa, ya ci abinci, ya tsokane ni, ya tuƙa mota. A kan dutse ciwon ya kama shi, inda ko ƙanshin teku ba a ji.

Mu haifaffun Makka ne. Kakanmu na wajen uba ya zo hajji ya zauna, mahaifinmu nan aka haife shi, Umma kuwa daga Kano aka kawo masa ita, har yau kuma Hausarta ba ta gauraya sosai ba. Ni ce babba, ni kaɗai ce kuma na iya rubutun boko a gidan, albarkacin zaman auren da na yi a Kano kafin mijina ya rasu in dawo. Faisal shi ne auta. Direba ne, motocin alhazai yake ja daga tashar Kudai, kuma ko maƙiyinsa ya san hannunsa na da sanyi a kan sitiyari. In ya taka birki, shayin da ke hannunka ba ya zuba.

Yadda aka yi ɗan garin duwatsu, jikan mutanen da ko kududdufi suke tsoro, ya kamu da son teku, wannan har yau ban gane ba. Wani abokin aikinsa ne ya ja shi Shu'aiba, bakin Bahar Maliya, ya leƙa ƙarƙashin ruwa sau ɗaya, shi ke nan muka rasa shi a ranakun hutu. Ya yi karatun abin, ya karɓi shaida, ya zama gawwas, wato mai nutso da tukunyar iska a baya. Na sha yi masa tsiya. Nakan ce mutane na biyan dukiya su zo Makka, shi kuma yana gudu daga cikinta ya je gaida kifi. Ba ya jin haushi. Sai ya zauna a ƙofar kicin yana ba ni labarin launukan da ya ce babu su a bayan ƙasa, ni ina yanka albasa ina cewa Allah ya shirye ka.

A ƙofar kicin ɗin nan ya koya mini abin da ban san zan buƙata ba. Wata rana na tambaye shi me ya sa suke daɗewa wajen fitowa, tunda sama ba ɓata take yi ba. Ya ɗauko kwalbar lemo daga firij ya ce in duba, ina ganin kumfa? Na ce a'a. Ya ce to iskar tana ciki, matsi ne ya narkar da ita. Haka jikin mai nutso yake. Can ƙasa nauyin ruwa na danne shi, wani ɓangare na iskar da yake shaƙa, wanda suke kira naitirojin, sai ya riƙa narkewa cikin jini da nama, don jiki ba ya amfani da shi. Iya zurfinka da daɗewarka, iya abin da za ka ɗiba. In ka taso a hankali, ka tsaya inda aka ce ka tsaya, iskar za ta bi numfashi ta fice salin-alin. In ka yi gaggawa kuwa, sai ya girgiza kwalbar ya ɓalle murfin, ya jiƙa mini ƙasan kicin da na goge. Na bi shi da ludayi har tsakar gida.

Abin da ya ƙara mini daga baya shi ne, ko mutum ya fito lafiya, akwai sauran iskar a jikinsa, takan ɗauki wajen kwana guda kafin ta gama fita. Shi ya sa ba sa hawa jirgin sama bayan nutso, don can sama nauyin iska raguwa yake, kamar ka ci gaba da tasowa ne daga ruwan ba tare da tsayawa ba. A kan wannan doka Faisal ba ya wasa. Na ga ranar da ya bar jirgin Madina ya tashi babu shi, ya ƙi zuwa ɗaurin auren amininsa a kan lokaci, don ya shiga ruwa da safe. An yi masa surutu, ya toshe kunne. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka ganganci ne ya kashe ƙanena. Mutum ne mai kiyayewa.

Sai dai mu mutanen Makka muna da wata al'ada da littattafan nutso ba su san da ita ba. In zafi ya tsananta, garin ya zama kamar tanda, Ɗa'ifa muke hawa. Dangi su haɗu su kama istiraha, gidan shaƙatawa mai fili, a dafa shinkafar salig, yara su yi ta guje-guje, a sayo rumman da inabi a bakin hanya. Tafiyar ba ta da tsawo, shi ya sa ba ma ɗaukarta tafiya. Mun san ana hawa, tunda kunnuwanmu na toshewa a hanyar Hada mai hawa dutsen, amma a wajenmu wannan alamar an kusa shan iska mai sanyi ce kawai. Babu wanda ya taɓa zama ya lissafa cewa cikin ɗan lokaci mota ta ɗauke ka daga gindin duwatsu ta kai ka inda gajimare ke shafa gilashi.

Umma kuma tana da tata dokar. Hanyar Hada murɗe-murɗe gare ta, ga rami a gefe, kuma tun da aka kawo ta ƙasar nan take tsoronta. Bayan rasuwar mahaifinmu ta rantse ba mai hawa da ita sai Faisal. Yayyensa maza biyu duk suna da mota, amma ta ce ɗaya gudu gare shi, ɗaya kuma surutu. In Faisal bai samu dama ba, sai dai a tafi a bar ta tana fifita da mafici. Muna yi mata dariya a kai, shi kuma yana jin daɗin abin, don auta ne, yana son a ce shi kaɗai ya iya.

Ranar da abin ya faru, kowa ya riga ya hau tun kwana ɗaya kafin nan, ni da Umma kawai muka rage muna jiransa. Ya kwana biyu yana nutso a Shu'aiba, a wajen wani tsohon jirgin ruwa da ya nitse, mai zurfi. A safiyar ma sau biyu ya shiga. Abokansa sun tabbatar mana daga baya cewa ya taso a hankali, ya tsaya duk inda ya kamata. Ya iso gida bayan azahar gashinsa da gishiri, ya tarar Umma ta ɗaure kayanta tana zaune a kai. Matarsa Samira ta kira shi daga Ɗa'ifa ta tambaye shi ko ba zai huta ba sai gobe, tunda ya sha gaya mata ba a hawa sama bayan nutso. Ina tsaye na ji amsar da ya ba ta, yana dariya.

"Ai mota ce, ya Samira, ba jirgi ba."

Umma ta zauna gaba kusa da shi kamar kullum. Ni kuwa da na shiga baya, sanyin na'ura ya buge ni, barci ya kwashe ni tun kafin mu fara hawa. Sai da muka tsaya a ƙofar istiraha na farka, na ga ya fito yana murza kafaɗa. Ya ce gajiya ce. Ya ƙi cin abinci sosai, ya kwanta a kan kafet yana cewa jikinsa na ƙaiƙayi. Da Samira ta ɗaga rigarsa, fatar cikinsa ta yi dabbare-dabbare, ja da shuɗi. Muka yi abin da muka sani. Aka ɗumama man zaitun aka murza masa kafaɗar da ƙarfi, aka tura shi wanka da ruwan zafi, wata gwaggonmu ta tofa addu'a a zamzam ta ba shi. Duk wanda ya taɓa shi a ranar da ƙauna ya taɓa shi. Sai daga baya muka ji cewa murza da ruwan zafi ƙara tayar da kumfar suke.

Shi kansa ya sani, na tabbata ya sani, amma bakinsa ya ƙi faɗa. An ce mini haka masu nutso da yawa suke, kunya ke hana su amsa cewa abin ya kama su, sai su ce wuya ne ya sage ko sun ɗaga kaya mai nauyi. Da la'asar ta yi sanyi ya tashi zai yi alwala, ƙafafu suka ƙi ɗaukarsa. Kafin magariba ya fara tari, numfashi na yi masa wuya. A asibitin da muka fara kai shi sai da likita ya yi ta tambaya kafin wani ya ambaci teku, don a kan dutse wa zai kawo zancen ruwa? Nan take aka sa masa oksijin, aka sauko da shi Jidda, inda ake da ɗakin matsi, wani ɗaki na ƙarfe da ake mayar da mutum cikin nauyi irin na ƙarƙashin ruwa don kumfar ta sake narkewa a fitar da ita sannu a hankali. An yi iya ƙoƙari. Ya ɗan kwana biyu bai san wanda ke kansa ba, sannan Allah ya karɓi abinsa. Aka sallace shi a Harami.

Likitan Jidda ya yi mana bayani ni da Samira a tsaye, ba tare da ɗora wa kowa laifi ba. Ya ce ruwan ya bar masa saura, dutsen ne ya buɗe murfin. Da ya kwana a Makka, da wataƙila ko ciwon kai ba zai yi ba. Muka kalli juna. Ba mu yi doguwar shawara ba, muka yanke cewa Umma ba za ta taɓa jin wannan ba. Tsohuwar da ta zauna a kan ƙullin kayanta tana jiran autanta, a ce mata jiran nan ne sanadi? Muka bar laifin a kan teku, tunda ita ba ta da zuciyar da za ta karye. Umma ta karɓa ba ta ce komai ba. Ta daina cin kifi, ta daina hawa Ɗa'ifa, muka ce baƙin ciki ne.

Nakan zauna in yi tunanin abin da Faisal zai ce da zai leƙo yau. Unguwannin da ya yi wasa a cikinsu an rushe wasu, jirgin ƙasa na kai mutum Jidda kafin ya gama shan shayi, kuma agogon da masu nutso ke ɗaurawa yanzu da kansa yake gargaɗin mutum kada ya hau sama tukuna. Zai yi ta juya agogon nan kamar yaro da sabon abin wasa, na san shi. Amma abin da zai fi tsayar masa da numfashi ita ce 'yarsa Jumana. Ya bar ta tana firamare. Yanzu ta gama jami'a, tana tuƙa motarta, kuma hannunta a kan sitiyari nasa ne sak. Larabci ya fi zama a bakinta, Hausarta sai an yi haƙuri da ita. Bara ta zo ta same ni da maganar da na daɗe ina tsoro: ta yi rajistar koyon nutso, ta gama karatun aji da na tafkin wanka, saura shiga teku. Uwarta ta yi kuka ta gaji ta sallama. Amma Jumana ta ce ba za ta sa ƙafa a teku ba sai kakarta ta sa mata albarka.

Umma ta ce a'a, kuma a'ar Umma ba ta da ƙofar baya. Wata da watanni yarinyar nan tana zuwa, ta yi mata tausa, ta kawo mata turare, ta sake roƙo, amsar ɗaya ce. Ranar nan ta shigo ɗakina ta rufe ƙofa, idanunta jajur. Ashe a ajinsu an yi darasin hawa tudu bayan nutso, malamarsu ta ce musu ku 'yan Makka ku kula da Ɗa'ifa, nan take ta haɗa abin da muka ɓoye mata tun tana ƙarama. A bakinta ni gwaggonta ce Ammati, kakarta Sitti, teku kuma bahar.

"Ammati, Baba ba bahar ya kashe shi ba, sah? Hada ce. In na gaya wa Sitti, khalas, ba ta da hujja."

Na ce gaskiya ne, Umma ba ta da hujjar hana ta. Sannan na tambaye ta wa ya zauna a gaban mota ranar, kuma don wa aka yi hawan. Na ga lokacin da abin ya isa zuciyarta, don sai da ta nemi bakin gado ta zauna. Hujjar da za ta buɗe mata teku ita ce za ta rushe tsohuwar da ta rene ta. Ban ce mata ta faɗa ba, ban ce kada ta faɗa ba. Ni kaina na gaji da ɗaukar maganar, kuma ina jin haushin yadda muka bar yarinya ta girma tana tsoron abin da ba shi ya cuce ta ba. Amma na kalli Umma tana lallaɓa bango zuwa banɗaki, na ji ba zan iya ba.

Jumana ta zaɓi kakarta. Ta daina roƙo. Ta ninke rigar nutson da ta saya ta sa a ƙasan akwati, ta ci gaba da zuwa tausa ba ta ƙara tayar da zancen ba. Wannan shirun ne ya dami Umma fiye da roƙon. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, muna zaune mu uku, ta ce wa Jumana me ya sa ta yi sanyi, ko ta fasa ne? Jumana ta ce ta fasa, Sitti, ba komai. Umma ta daɗe tana jan carbi. Sannan ta yi magana, ba ta kalli kowa ba.

"Ke dai kin iya rufa asiri, irin gwaggonki. Je ki shiga ruwanki, Allah ya tsare. Abu ɗaya na roƙe ki. In kin fito, ki kwana a ƙasa. Ko ni ce na ce ki kai ni Ɗa'ifa, ki ce mini a'a."

Na ce Umma, wa ya gaya miki? Ta ce babu wanda ya gaya mata sai shi Faisal ɗin. A hanyar Hada, daidai inda kunne ke toshewa, ina baya ina sharar barci, ta ga ya saki sitiyari da hannu ɗaya yana matsa kafaɗa. Ta tambaye shi lafiya, ya ce mata, Umma, da na sani na bari sai gobe. Ta ce to mu juya mana. Ya ce an kusa, kuma ba ya so ta sake bin murɗe-murɗen nan sau biyu a rana ɗaya. Shekara goma sha ɗaya tana riƙe da wannan ita kaɗai. Ta ga mun haɗa baki muna kare ta, sai ta bar mu, don a cewarta mu ma muna buƙatar abin da za mu riƙe. Ba kifi take ƙi ba, ta ce, kunyar teku take ji, da aka ɗora mata abin da ba ta yi ba.

Mun yi kuka a ranar irin wanda ba mu yi ba ko a zaman makoki. Umma ce kuma ta ce in rubuta, tunda na iya boko, don akwai 'ya'yan Hausawa a Jidda da Makka da ke shiga ruwan nan, kuma kowannensu yana da uwa mai son shan iska. Don haka ga saƙonta, ba nawa ba. Wanda ya yi nutso ya ba jikinsa kwana guda kafin ya hau jirgi ko dutse, mota da jirgi duk ɗaya ne a wajen jini. In ya fito ya ji gajiyar da ba ta saba ba, ko ciwon gaɓa, ko ƙaiƙayi, ko wani sashe ya mutu, kada a murza, kada a kai shi ruwan zafi. A kwantar da shi, a nemi oksijin, a garzaya asibiti, kuma kalmar farko da za a gaya wa likita ita ce ya yi nutso. Shi kuma mai nutson ya ajiye kunya ya faɗa da bakinsa.

In na auna abin da ya rage na Faisal, ba shi da yawa a ido. Bai bar gida ba, bai bar suna a wajen aiki ba, tukunyar iskarsa ma Samira ta bayar tuntuni. Ya bar tabon lemo a zuciyata, da wata doka da ya kiyaye a ko'ina sai a wuri ɗaya, inda son uwarsa ya rufe masa ido. Ina jin zafin hakan har gobe, kuma ba zan ce na daina jin haushinsa ba, don ya san abin da mu ba mu sani ba, ya yi shiru. Amma ban san yadda ake fushi da mutumin da kuskurensa na ƙarshe shi ne bai so tsohuwa ta ji tsoro sau biyu ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Da zafin bana dangi suka hau Ɗa'ifa kamar kullum. Jumana ta yi nutsonta na farko a Shu'aiba da safe, ta dawo Zahir gashinta da gishiri, tana ba mu labarin launuka rabi da Larabci rabi da hannu. Ba ta bi kowa Ɗa'ifa ba. Ta shimfiɗa katifa a ɗakin Umma ta kwana, washegari ma ta wuni. Sai a rana ta biyu na fito na tarar da Umma zaune a kan ƙullin kayanta a tsakar gida, karo na farko cikin shekara goma sha ɗaya. Ta tambayi Jumana ko iskar ta gama fita. Jumana ta duba agogon hannunta ta ce ta fita tas, Sitti. Umma ta ce a ƙara sa'a ɗaya dai, ba gudu muke ba. Muka ƙara. Sannan Umma ta shiga gaba kusa da Jumana, ni na shiga baya, kuma wannan karon ban yi barci ba.